In Ja Kwale-kwalena Kilomita 1,200, ko Mu Yi Haya a Can?

Wani mai karatu ne ya aiko da wannan wasiƙa, ya roƙi a sakaya sunansa. Na taƙaita ta, na kuma cire abin da zai sa a gane shi.

"Assalamu alaikum, Malam. Shekarata 37, ina da mata da 'ya'ya uku. Tun ina yaro kamun kifi da fatsa shi ne abin da nake huce gajiya da shi. Shekara uku da suka wuce na sayi wani tsohon kwale-kwale na alminiyom, tsawonsa mita 5, da inji mai ƙarfin doki 40 da tirelarsa marar birki. Da hannuna na gyara shi, na toshe yoyo, na sa kujeru, na yi masa fenti. Yanzu mun shirya tafiya wani babban tafki mai nisan kilomita 1,200, ni da Yayana da wani amininmu da babban ɗana mai shekara 12. Hutun kwana bakwai na samu, saura mako uku mu tashi. Ni burina in ja kwale-kwalena mu je da shi, don irin wannan tafiya na gyara shi. Yaya ya ce a'a, mu yi haya a can. Da muka yi musu sai ya ce ba zai bi tarkacena ya sake kwana a hanya ba, domin bara boris ɗin ƙafa ɗaya na tirelar ya ƙone mana a wata 'yar tafiya ta kilomita 60, muka yi awa biyar a bakin titi. Na riga na canza boris ɗin wannan ƙafar. Maganar ta yi mini zafi, yau kwana tara ba mu yi waya ba. Maiɗakina kuma ta ce motar ita kaɗai gare mu a gida, tana tsoron in lalata ta, tana kuma tsoron tafiyar yaron. Ni kaɗai na iya tuƙi da tirela a cikinmu. Ina ji kamar kowa ya raina abin da na sha wahala a kansa. Malam, in dage ko in haƙura?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwana. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma a karo na biyu kalmar nan "tarkace" ce ta tsaya mini a rai. Mutum ya kwashe shekara uku yana goge tsatsa, yana toshe yoyo da dare bayan ya taso daga aiki, sannan wanda ya fi so ya yaba masa ya kira abin tarkace. Dole ka ji zafi, kuma ba zan ce maka ka yi kamar ba ka ji ba. Yaya bai kyauta ba da wannan kalma. Sai dai ka zo ne neman shawara a kan tafiya, kuma zan faɗa maka ra'ayina tun daga farko don kada in ja maka rai: a wannan tafiya, ku yi haya. Kwale-kwalenka ba shi da laifi a wurina. Abin da ya sa na faɗi haka shi ne kwanakin da kake da su, da tirelar da za ta ɗauke shi, da ruwan da ba ka sani ba. Bari mu bi su a hankali, domin ina so ka yarda da hujja, kada ka ji kamar ni ma na shiga layin masu danne ka.

Ka ɗauki takarda ka yi lissafin kwanakin. Mai jan tirela ba ya gudu irin na mai mota zalla. In ka haɗa tsayawar shan mai, da duba ƙafafu, da hutawa, da ratsa garuruwa, da wuya ka wuce kilomita 60 zuwa 70 a kowace awa in an raba daidai. Kilomita 1,200 ke nan za ta ci maka awa 17 zuwa 20 a kan sitiyari, kuma ka ce kai kaɗai ne direba. Wannan kwana biyu ne cur a zuwa, kwana biyu a dawowa, in ba ka so ka yi tuƙin dare da kaya a bayanka da ɗanka a kujera, abin da ba zan taɓa ba ka shawararsa ba. Daga kwana bakwai saura uku. Ranar farko za ta tafi wajen neman izinin kamun kifi, da neman wurin saukar da kwale-kwale a ruwa, da warware gajiya. In iska ta tashi wata rana guda ta hana fita, to ka ja kaya kilomita 2,400 zuwa da dawowa don wuni ɗaya kacal a kan ruwa. Ba tare da tirela ba kuwa, kai da Yaya za ku riƙa karɓar juna a tuƙi, tafiyar ta ragu zuwa wuni da rabi, ko ma ku shiga motar haya ku bar wa iyali motar gida. Da hutun mako uku ne gare ka, da lissafin ya juya, domin kuɗin haya yana ƙaruwa ne da kowace rana, wahalar ja kuwa sau ɗaya ake biyanta. Gajeren zama a wuri mai nisa, haya ta fi. Dogon zama, ko wurin da za ka riƙa komawa kowace shekara, nan ne naka yake biyan kansa.

Sai maganar nauyi, wadda na lura ba ka ambata ba ko kaɗan, kuma yawancin masu kwale-kwale ba sa ambatarta. Ka buɗe littafin motarka, za ka ga adadi biyu na abin da aka yarda ta ja: ɗaya na tirela mai birki, ɗaya na marar birki, kuma na biyun ya fi ƙanƙanta sosai. A ƙasashe da yawa doka ba ta yarda tirela marar birki ta wuce kilo 750 ba, da ita da kayan da ke kanta. Mutane kan tuna nauyin jikin kwale-kwalen kawai, su manta da sauran. Inji mai doki 40 shi kaɗai yana kusan kilo 100. Tirelar kanta tana da nata nauyin, wanda sau da yawa yakan kai kilo 200 ko kusa da haka. Kowace lita ta fetur kusan kashi uku cikin huɗu na kilo ce, wato lita 60 ta kai kilo 45. Ga batir, ga anka da sarƙarta, ga akwatin ƙanƙara, ga kujerun da ka ƙara da hannunka. Sannan a doguwar tafiya ɗabi'ar kowa ce ya mai da kwale-kwale rumbu, duk abin da bai shiga but ba a jefa ciki. Ban san adadin naka ba, kai ma na tabbata ƙiyasi kake yi. Hanyar sani ɗaya ce: ka loda shi yadda za ka yi tafiya da shi, ka kai shi sikelin da ake auna manyan motoci. Tirela marar birki duk nauyinta a kan birkin motarka yake sauka, kuma a doguwar gangara da mutum huɗu a ciki, birkin da ya yi zafi yakan rage kamu a daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a duk wasiƙarka. Ka ce ka canza boris ɗin "wannan ƙafar". To ɗaya ƙafar fa? Shekarunsu ɗaya, ruwa ɗaya suka riƙa nutsewa a ciki, giris ɗaya suka ci. Ka san yadda boris ɗin tirelar kwale-kwale yake mutuwa? A kan hanya cibiyar ƙafar tana ɗaukar zafi. Kana isa bakin ruwa sai ka yi ribas ka tsoma ta cikin ruwan sanyi nan take. Iskar da ke ciki ta tsuke saboda sanyin, sai ta zuƙo ruwa ta gefen robar da ke rufe da shi. Ruwan ya gauraya da giris, tsatsa ta fara cin ƙarfen a ɓoye, kana ganin ƙafa lafiya lau daga waje. A tafiyar kilomita 20 zuwa ruwan da ka saba ba za ta nuna ba. Sai ranar da ta yi awanni tana juyawa ba hutu, ta yi zafi, ta cije, wani lokaci har ƙafar ta fice gaba ɗaya. Shi ya sa masu ƙwarewa suke barin ƙafafun su huce kafin su tsoma tirela a ruwa, kuma a hanya duk inda suka tsaya sai sun ɗora hannu a cibiyar kowace ƙafa su ji zafinta. In ɗaya ta fi 'yar'uwarta zafi sosai, ko hannu ba ya iya zama a kai, to an sami matsala. Na taɓa tsayawa a bakin hanya ina kallon hayaƙi na fita daga ƙafar tirela, rana tana faɗuwa, gari mafi kusa yana da nisa, kuma har yau ina tuna yadda cikina ya ɗuri ruwa. Saboda haka na fahimci Yayanka fiye da yadda za ka so in fahimce shi.

Tayoyin ma ka duba su, kuma kada zanen da ke jikinsu ya yaudare ka. Tayar tirela ba kasafai take cinyewa ba, tsufa take yi a tsaye, rana da zama wuri ɗaya suna busar da robar. A gefen kowace taya akwai jerin rubutu da ya ƙare da lambobi huɗu: biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekarar. In ka ga 2318, mako na 23 ke nan na shekarar 2018. Tun da tsohuwar tirela ka saya, ba mamaki tayoyin sun girmi zamanta a hannunka da shekaru. Wadda ta haura shekara biyar ko shida, ko take da ƙananan tsaga a gefe, ba ta doguwar tafiya ba ce. Ka tuna kuma ƙaramar taya ta fi ta mota yawan juyawa a kowace kilomita, don haka ta fi saurin ɗaukar zafi.

Ko da hanya ta yi kyau kun isa lafiya, saura ruwan kansa. Ka san ruwan gidanka kamar tafin hannunka: inda dutse yake, inda yashi ya taru, lokacin da iska take juyawa. Duk wannan sani ba ya shiga tirela ya bi ka. Babban tafki halinsa daban. Iska in ta sami fili mai tsawo tana kaɗawa a kan ruwa ba abin da ya tare ta, takan tayar da igiyar ruwa mai tsayi cikin ɗan lokaci, kuma kwale-kwale marar nauyi mai mita 5 da mutum huɗu da kayansu zai sha jijjiga. In tafkin na madatsa ne, akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwa da ba ka gani sai farfela ta daka. Akwai tarun masunta da aka shimfiɗa. Kwale-kwalen da ake bayarwa haya a wurin an zaɓe su ne don wannan ruwan, kuma mai su ya san gefen da ba a zuwa da yamma. Da ɗan gari akan ci gari. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba sai sun isa: hukumomin wasu tafkuna suna binciken duk jirgin da ya fito daga wani ruwa, saboda ciyawar ruwa irin su kainuwa da ƙananan halittu masu maƙalewa a jikin jirgi da tirela suna yaɗuwa ta wannan hanya su lalata ruwan da ba su da shi. Wani wurin sai an wanke, an tsiyaye, an busar kafin a yarda ka saka. Ka yi tunanin ka ja shi kwana biyu a ce maka ka jira.

Ban ce haya ba ta da aibi ba, kuma hujjarka tana da ƙarfi a nan. Naka ka san tarihin injinsa, ka san sautin da yake yi in yana lafiya. Na haya hannaye da yawa sun taɓa shi, wasu ba su damu ba. Mai haya zai iya ƙayyade maka lokacin fita da dawowa, alhali mai kamun kifi ya san da asuba da gab da faɗuwar rana ne kifi ya fi cin ƙugiya. Zai iya shata maka iyakar da ba za ka wuce ba. Zai riƙe kuɗin ajiya, kuma wani in ka dawo sai ya nuna maka lanƙwasa a farfela ya ce kai ka yi. Duk waɗannan suna faruwa. Amma kusan dukkansu ana maganinsu da waya da ido, kuma mako uku ya isa. Ka kira masu haya biyu ko uku tun yanzu, kada ka bari sai kun isa. Ka tambayi tsawon kwale-kwalen da ƙarfin injinsa da adadin mutanen da aka yarda ya ɗauka. Ka tambaya ko za a bar shi a hannunku kwana da kwanaki don ku fita da asuba. Ka ji wa ke biyan mai, me ake yi in iska ta hana fita, nawa za a cire in wani abu ya lalace, wa za ka kira in inji ya mutu a tsakiyar ruwa, kuma ko ana bukatar wata takardar shaidar iya tuƙa jirgi. Ka ce a rubuto maka duk wannan a saƙo. Ranar karɓa, kafin ka sa hannu, ka zagaya shi da wayarka kana ɗaukar hoto da bidiyo a gaban mai shi, musamman farfela da ƙasan inji da duk wata tsohuwar lotsawa. Ka sa a tayar da injin yana sanyi a gabanka, ka ga ruwan sanyaya shi yana fita ta 'yar ƙofarsa. Ka tabbata akwai anka da igiya, da filafilai, da abin kwashe ruwa, da igiyar nan da direba yake ɗaurawa a jikinsa wadda take kashe inji in ya faɗa ruwa. A nan ilimin da ka samu wajen gyaran naka zai yi muku rana, domin a cikinku huɗu kai kaɗai ne za ka kalli inji ka san ko a karɓa ko a ce a kawo wani. Ranar farko kuma, in da hali, ku ɗauki ɗan wurin ya fita da ku. Abin da zai nuna muku a wuni ɗaya, ku kaɗai sai ku yi mako kuna lalube.

Game da kuɗi, kada ka kwatanta kuɗin haya da sifiri, kamar yadda zuciya take yi in tana son abu. Jan naka ma yana da farashi: man da mota za ta ƙara sha saboda nauyi da iskar da ke dukan kwale-kwalen, sabbin tayoyi da safaya, boris na ƙafa biyu, kwana biyu na ƙari a masauki, wurin ajiye tirela da dare inda ba za a kwance maka inji ba, da abin da giya da birkin motarka za su sha wanda ba za ka gani ba sai bayan wata uku a wurin bakanike. Ka kuma kira kamfanin inshorarka ka ji ko takardarka ta haɗa da tirela da abin da ke kanta. Ka rubuta gefe biyun, ka raba kuɗin haya gida uku tsakaninku manya, sannan ka duba.

Maiɗakinka kuwa, ina roƙonka ka cire ta daga jerin waɗanda suka raina ka. Ka sake karanta abin da ka rubuto da hannunka: ba ta ce komai a kan kwale-kwalen ba. Mota ta ambata, da ɗanta. Mace ce da za a bari da yara biyu mako guda ba abin hawa, an tafi da babban ɗanta wani ruwa mai nisa da ba ta taɓa gani ba, a bayan tirelar da ta san ta taɓa lalacewa. Tsoronta yana kan hanya. Ka zauna da ita ka nuna mata shirin dalla-dalla: inda za ku kwana, lambar mai haya, lokacin da za ka riƙa kiranta kullum. Ka sayo wa yaron rigar ceto daidai nauyinsa tun daga gida, domin masu haya ba koyaushe suke da ta yara ba, kuma rigar manya a jikin yaro takan zame ta kansa in ya shiga ruwa. Ka sa masa ita a gabanta, ka ɗaga shi ta kafaɗun rigar ta ga ba ta fita. Ka yi mata alkawarin ba zai cire ta ba muddin yana kan ruwa, kai ma ka sa taka, don yaro abin da ya ga uba yana yi shi yake yi. In kuka bar mata motar ma, rabin damuwarta ta tafi.

Saura Yaya, kuma a ganina nan ne ainihin ciwon yake. Ina jin abin da kake so a zuciyarka shi ne ka ga Yaya zaune a kujerar da ka ƙera, a tsakiyar babban ruwa, ya juyo ya ce maka, "Kai, ka yi aiki." Wannan buri ne mai kyau, ba abin kunya ba ne ƙani ya so yabon wansa ko da ya kai shekara 37. Amma ka duba ta ɓangarensa. Awa biyar a bakin titi ba ƙaramin abu ba ne, kuma wataƙila a ranar shi ne ya riƙa jin nauyin kowa a wuyansa a matsayinsa na babba. Yanzu an ce a ninka waccan tafiya sau ashirin, a ƙara da yaro. Manya da yawa ba su iya cewa "ina tsoro" ba, sai tsoron ya fito musu a siffar faɗa ko gatse. Ban wanke shi ba, na dai gaya maka inda nake zaton kalmar ta fito. Kwana tara ya isa haka. Kai ne ƙarami, kai za ka fara, kuma wannan ba ya rage ka da komai. In kuna kusa ka taka ka je, kada ka tura saƙo. Ka gaishe shi yadda ka saba, sannan ka ce masa wani abu kamar haka: "Yaya, na yi tunani, na ga gaskiyarka a kan hanyar nan, mu yi haya. Amma kalmar da ka kira kwale-kwalena da ita ta yi mini ciwo, don ka san wahalar da na sha a kansa." Ka faɗi biyun tare. In ka faɗi ta farko kaɗai, za ka tafi da ƙulli a ciki, ya fashe a tsakiyar tafiya kan wani ƙaramin abu. In ka faɗi ta biyu kaɗai, musu zai dawo sabo. Amininku kuma kada ku sa shi alƙalanci tsakanin wa da ƙani, ku bar shi ya ji daɗin tafiyarsa.

Kada kuma ka ɗauka na ce ka binne burinka. Ina so ka kai kwale-kwalen nan wannan tafki wata rana, kuma wannan tafiya ta haya ita ce leƙen hanya. Kana tafe kana lura da inda kwalta ta lalace, inda gangara take, inda za a iya kwana da tirela, yadda wurin saukar da jirgi yake, irin igiyar ruwan da tafkin yake tayarwa da rana. In kun dawo, ka canza boris na ƙafa biyun da robobinsu, ka sa sabbin tayoyi, ka auna nauyi, in ya kusa iyaka ka sa wa tirelar birki ko ka nemi mai birki. Sannan ka gwada ta a tafiyar kilomita 200 ko 300 da cikakken kaya, ka gayyaci Yaya, ka koya masa ribas da tirela a fili marar mutane: ya riƙe ƙasan sitiyari, duk gefen da ya kai hannunsa nan tirelar za ta nufa. Ranar da ya iya, kun zama direbobi biyu, kuma ya zama yana da hannu a cikin abin.

In kuwa ka auna duk wannan ka ce kai dai sai ka ja, to kwale-kwalenka ne, amma ga sharuɗɗan da ba zan sassauta maka ba. Sikeli ya nuna kana ƙasa da abin da littafin motarka da doka suka yarda, da sauran rata. An yi gyaran ƙafafun biyu an kuma gwada su a doguwar hanya kafin ranar tafiya. Kana ɗauke da safaya, da boris na ajiya, da giris, da jak da sifanar da suka dace da tirelar, domin na mota sau da yawa ba sa shiga. Nauyin da ke sauka a kan maƙalar mota ya kasance wajen kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin tirelar duka, don in baya ya fi nauyi tirela takan fara lilo, kuma in ta fara, ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali ka riƙe sitiyari a miƙe, kada ka danna birki da ƙarfi. Sarƙoƙin tsaro biyu a gicciye ƙarƙashin maƙala, fitilun baya da sigina suna aiki, an ɗaure kwale-kwalen gaba da baya, an tallafe injin kada ya riƙa dukan mazauninsa a kowane rami. Tsayawa duk bayan awa biyu, ba tuƙin dare, kuma ka nemi ƙarin kwana biyu a wurin aiki. Sannan maiɗakinka da Yaya su amince da bakinsu, ba don ka gajiyar da su ba. In ɗaya daga cikin waɗannan ya gagara a mako ukun nan, ka bar shi a gida a rufe da tamfol.

Abin da nake so ka yi a makon nan guda biyu ne. Ka je wurin Yaya kafin kwana taran nan su zama goma sha biyu, kuma ka kira masu hayar tun kwale-kwale masu kyau ba su ƙare ba. In kun dawo ka rubuto mini, ina so in ji wane kifi yaron ya fara kamawa. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.